Cocin Ƙasa na Wusasa: Tarihinsa da Yadda Aka Gina Shi

Cocin St. Bartholomew yana Wusasa, wani ƙauye da ke yamma da birnin Zariya, kusa da dutsen Kufena. An gina shi a 1929 da ƙasa da azara, irin ginin da Zazzagawa suka gada kaka da kakanni, kuma yana cikin tsofaffin majami'un ƙasar Hausa da har yau suke tsaye. Na Ɗariƙar Angalika ne, sunansa kuwa na ɗaya ne daga cikin almajirai 12 na Annabi Isa da Linjila ta lissafa. Abin da ya raba shi da sauran majami'un zamaninsa shi ne gininsa. Wanda ya saba da zauren Sarkin Gwandu ko tsohon gidan sarautar Argungu, in ya shiga wannan coci ya ɗaga kai, zai ga aikin da ya sani: bango mai kauri, bakan gizo, da rufin soro. Maginan Hausa ne suka ɗora shi, da kayan da suke gina masallaci da fada.

A tsarin Angalika na Ingila, an rarraba ƙasa zuwa ƙananan yankuna, kowane yanki da cocinsa da limaminsa. Cocin ƙauye a can shi ne inda ake yi wa jariri baftisma, a ɗaura aure, a yi jana'iza, kuma galibi maƙabarta tana kewaye da shi. Littattafan rajistarsa su ne tarihin mutanen wurin. Wani abu kuma game da waɗannan majami'u shi ne an gina su da abin da ke kusa. Yankin da ke da farin dutse da shi aka yi aiki, yankin da ke da dutsen ƙanƙara da shi aka yi, inda babu dutse aka koma ga katako ko jan bulo. Amma da 'yan mishan suka zo Afirka ta Yamma, sau da yawa sun bar wannan al'ada a gida, suka riƙa kwaikwayon siffar ginin Turai. Babban cocin Angalika na Legas, wanda aka aza harsashinsa a 1925 aka gama a 1946, misali ne na wannan: dogayen tagogi masu tsini da hasumiya irin ta Ingila. Cocin Wusasa sa'ansa ne a shekaru, amma shi ya koma ga asalin al'adar, wato gini da ƙasar da ake takawa.

Labarin yadda aka kai ga Wusasa ya fara ne kusan shekara 30 kafin a kwaɓa ƙasar ginin. Ƙungiyar mishan ta Angalika, wadda aka fi sani da CMS, ta daɗe tana sha'awar ƙasar Hausa. Tun tafiyar da aka yi a kogin Kwara a 1841, wadda Samuel Ajayi Crowther da J. F. Schön suke ciki, aka fara tattara kalmomin Hausa ana rubutawa. A ƙarshen ƙarni na 19 wasu samarin ƙungiyar suka tafi Tarabulus ta Libiya don su koyi harshen a bakin fatake da mahajjatan Hausa da ke yada zango a can. A cikinsu akwai wani likita, Walter Miller, wanda daga baya Zazzagawa suka riƙa kira Likita Mila.

A farkon 1900 ayarin mutum 5 ya tashi daga Legas ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, tare da Mila, da Richardson, da Ryder, da Burgin. Sun ratsa Zariya, inda Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su lafiya, suka isa Kano a watan Afrilu. Sarkin Kano Alu bai yarda da zamansu ba, ya ba su 'yan kwanaki su fita daga ƙasarsa. Suka juyo suka sauka a Girku, kudu da Zariya. A nan Ryder ya rasu, ciwo ya kori wasu zuwa gida, aikin ya kusa mutuwa tun bai fara ba. Mila ne ya nace.

Ana cikin haka sai mulki ya sauya hannu. Sojojin Turawan Ingila ƙarƙashin Lugga suka kama Zariya a 1902, Kano da Sakkwato a 1903. A Sakkwato, Lugga ya yi alkawarin gwamnatinsa ba za ta sa hannu a addinin jama'a ba, kuma jami'an da suka biyo bayansa suka fassara alkawarin da cewa ba za a bar 'yan mishan su zauna a ƙasashen sarakunan Musulmi ba sai da yardar sarki da ta Razdan. Wannan ne dalilin da ya sa garuruwa irin su Ambursa, Gwandu, Birnin Kabi da Argungu ba su da tsohon coci na farkon zamanin Turawa. A ƙasar da ta zama Jihar Kebbi a yau, 'yan mishan sun fi nufar kudu, wajen Zuru da Yawuri, tun daga shekarun 1920. A lardin Sakkwato kuwa, ƙofar da ta buɗe musu daga baya ita ce jinyar kutare, kamar a Amanawa.

Zariya ta fita daban. A 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, Mila ya samu izinin zama a cikin birni, a Durumin Maigarke. Ya buɗe ɗakin magani da makarantar yara maza, ya duƙufa kan fassara. Cikin manyan biranen ƙasar Hausa masu ganuwa, nan ne kaɗai mishan ta zauna a cikin gari shekara da shekaru. Jama'ar da ta taru a wurinsa ba ta da yawa, kuma daga wurare dabam-dabam ta fito. Akwai 'yan birni, akwai yaran da aka 'yanta daga bauta, akwai kuma Isawa.

Isawa mabiyan wani malamin Kano ne mai suna Ibrahim, wanda a tsakiyar ƙarni na 19 ya mai da hankali kan matsayin Annabi Isa, har ra'ayinsa ya saɓa wa na malaman fada, aka kashe shi. Mabiyansa suka watsu, da yawa suka nufi wajen duwatsun Ningi. Wajen 1913 wasu daga zuriyarsu suka zo wurin Mila, bayan haka aka kafa musu ƙauye a Gimi, a ƙasar Zazzau, da gonaki da makaranta. Wurin yana da ƙudan tsando. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya kashe mutane da yawa, ƙauyen ya watse, waɗanda suka tsira suka koma Zariya. Wannan ciwo bai kamata a tsallake shi ba in ana ba da labarin Wusasa, domin wasu daga cikin waɗanda suka fara sujada a sabon cocin marayun Gimi ne, kuma sun riga sun ga yadda gari yake mutuwa.

A shekarun 1920 zaman mishan a cikin birni ya zama abin damuwa ga fada da gwamnatin Turawa, ita ma mishan filin ya yi mata kaɗan. Aka daidaita a kan ta fita bayan gari, zamanin Sarkin Zazzau Ibrahim ɗan Kwasau. Wanda ya ja ragamar ƙaurar shi ne wani matashin limami, Guy Bullen. Mila bai ji daɗin barin birni ba. Ya koma Kano ya ci gaba da aikin fassara, wanda ya kai ga buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausar boko a 1932, tare da taimakon 'yan wasu ƙungiyoyin mishan da Hausawan da suka zauna da shi suna gyara masa magana. Shi kuwa Bullen, bayan ya kafa Wusasa aka naɗa shi mataimakin bishop a Masar da Sudan, ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1937. A sabon mazaunin an tsara abu uku kusa da juna, coci da makaranta da asibiti. Asibitin shi ne St. Luke, wanda har yanzu yake aiki.

To, yaya aka yi ginin? A nan sai an bi sana'ar magina daki-daki, don duk wanda bai san yadda ake ɗora soro ba, ba zai gane girman abin da aka yi a Wusasa ba.

Gini aikin rani ne. Ana farawa bayan ɗaukewar ruwa, a yi ƙoƙarin rufewa kafin hadarin farko. Ƙasar da ake so ita ce jar ƙasa mai ɗan tsakuwa, wadda ake haƙowa daga kududdufi. Ana jiƙa ta, a zuba mata yankakkiyar ciyawa, wani lokaci da kashin doki, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake tattakewa. Ciyawar ce take hana ƙasar tsagewa in ta bushe. Daga wannan ƙasa ake mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana har ya ƙeƙashe. Magini yana zaune a kan bango, yara suna jefa masa tubali daga ƙasa yana cafewa, yana jerawa tsini na kallon sama, sannan a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ba a ɗora sahu da yawa rana ɗaya, sai na ƙasa ya sha iska. Bangon yana farawa da kauri sosai a gindi, jerin tubali da yawa gefe da gefe, yana tafiya yana sirancewa zuwa sama. Wannan ne yake ba shi ƙarfin ɗaukar nauyin rufi, shi ne kuma ya sa ginin ƙasa yake da 'yar karkata ciki in an hango shi daga nesa.

Bango ba shi ne wahalar ba. Wahalar tana ga rufi, kuma rufi yana ga azara. Azara itacen giginya ce da aka faskara, an fi son ta namijin giginya saboda ƙwarinta. Gara ba ta cinta da sauƙi, ba ta kuma ruɓewa da wuri, shi ya sa ake samun azarar da ta haura shekara 100 a cikin tsohon soro. Amma magina sun san iyakarta: in aka shimfiɗa azara daga bango zuwa bango aka ɗora mata ƙasa, ba ta ɗaukar faɗin da ya wuce kusan mita 2 ba tare da ta lanƙwashe ba. Ɗakin kwana ya isa haka. Ana iya ƙara faɗin kaɗan ta hanyar fito da gajerun azara daga saman bango, sahu bisa sahu, su zama matashi ga dogayen. Amma ɗakin da zai ɗauki taron jama'a yana bukatar abin da ya fi wannan.

Dabarar da maginan Hausa suka samo ita ce bakan gizo. Ana kafa azara a cikin bango tun ana tsakiyar gini, a ɗan karkata ta zuwa cikin ɗaki. A ɗaure wata a kanta da igiya, ta zarce ta farko ta ƙara karkata. Haka ake yi daga wancan bangon ma, gaɓa bayan gaɓa, kowace gaɓa a lulluɓe ta da ƙasa a jira ta bushe kafin a ɗora ta gaba, har hannayen biyu su haɗu a sama a ɗaure su. In an yaɓe aka goge, sai a ga baka guda mai lanƙwasa, ba a ganin itacen da ke ciki. Masana gini sun lura cewa wannan ba irin bakan Rumawa ba ne, wanda duwatsu suke danne juna su tsaya. A bakan gizo azara ce take riƙe ja, ƙasa take ɗaukar danni, aikin da rodi da kankare suke yi a ginin zamani. Da wannan dabara ake rufe ɗaki mai faɗin mita 7 ko 8 ba ginshiƙi a tsakiya. In bakuna suka gitta juna a sama, shi ne ɗaurin guga. A kan su ake jera gajerun azara a rufe gurabun da suka rage, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, daga waje rufin ya fito da tulluwa kamar ƙwarya a kife.

Zariya tana da dalilin yin fice a wannan sana'a. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, tsakanin 1834 da 1846, Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a na birni, wanda masana da yawa suke ɗauka shi ne ƙololuwar ginin ƙasa na Hausa. Bakunansa da ginshiƙansa da zanen da ke jikinsu sun zama abin koyi, har aka gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. Sarautar magina ta ci gaba a zuriyarsa, har yau kuma akwai unguwa mai sunansa a birnin. Saboda haka lokacin da aka tashi gina coci a Wusasa, ƙwararrun da suka gaji wannan aiki suna nan kusa, kayan aiki suna nan, kuɗinsa kuma bai kai na siminti da kwanon da sai jirgin ƙasa ya kawo daga Legas ba. Ga kuma ra'ayin da mishan ɗin Zariya ta daɗe a kai, cewa Bahaushen da ya zama Kirista ya ci gaba da harshensa da rigarsa da hularsa. Jama'ar da ke addu'a da Hausa, tana waƙa da Hausa, ɗakin ibadarta ma sai ya zama na Hausa.

Sai dai coci yana ɗora wa magini tambayar da masallaci ba ya ɗora masa. A masallaci sahu yana tafiya ne a faɗi, kowa yana fuskantar alƙibla, mamu yana bin muryar liman ko bai gan shi ba, don haka yawan ginshiƙai a tsakiya ba ya ɓata komai. A cocin Angalika jama'a suna fuskantar bagadi, wato teburin da ake shirya Jibin Ubangiji a kansa, suna bukatar su ga limami da mai karatu da mai wa'azi, ana kuma son hanya a tsakiya wadda ayarin limamai da mawaƙa, ko ango da amarya, ko masu ɗauke da gawa za su bi. Ɗakin yakan fi tsawo a kan faɗi. A Turai ana magance wannan da dogayen katakai ko bakunan dutse. A ƙasar Hausa bakan gizo ne ya magance shi, domin shi ne yake ba da fili a buɗe, ido ya wuce ƙarƙashinsa har gaba. Wannan haɗuwa ta tsarin ibadar Angalika da fasahar Zazzau ita ce ainihin darajar ginin, kuma ba a cika samun irinta ba. Yawancin majami'un da aka gina a Sabon Garin Zariya da na Kano, don ma'aikatan da jirgin ƙasa ya kawo daga Kudu bayan 1911, sun bi siffar da masu su suka sani a garuruwansu.

Ginin ƙasa yana da wata fa'ida da duk wanda ya kwana a soro ya sani. Bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ba ya sakin sa cikin ɗaki sai dare ya yi, lokacin da gari ya huce. Da rana ciki da sanyi, da daren hunturu ciki da ɗumi. Tagogi ƙanana ne, saboda babbar taga tana raunana bango tana kuma shigo da zafi, don haka hasken ciki mai laushi ne. Murya ma tana zama daidai. Rufin kwano yana amsa kuwwa, in ruwa ya sauko kuma ba a jin mai magana, amma ƙasa tana shanye ƙara. A zamanin da babu lasifika, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai wa'azi.

Adon ginin Hausa yana jikin ginin kansa. Magini yana zana shi da yatsa ko ɗan ƙarfe tun yaɓe yana ɗanye, ko ya tayar da shi ya fito daga bango, a bi da farar ƙasa ko launi. Zane ne na layuka da da'ira da kusurwoyi, ba siffar mutum ko dabba, kuma an fi zuba shi a jikin baka da kewayen ƙofa. Wannan ya dace da ɓangaren Angalika da CMS ta fito daga ciki, wanda ba ya son gumaka ko yawan hotuna a ɗakin sujada. Abin da Musulmin magini ya saba yi da abin da ɗan mishan yake so sun zo ɗaya a wannan wuri.

Daga wannan ƙaramin ƙauye mutanen da suka fito sun fi ƙarfin girmansa, dalili kuwa makaranta ce da aka fara da wuri. Dakta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya yi karatu a Birmingham, ya kuma shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa lokacin da aka kafa ta a matsayin ƙungiyar al'adu, ɗan wannan jama'a ne. Asibitin Barau Dikko na Kaduna sunansa ya ci. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya zama ministan harkokin waje, a makarantar St. Bartholomew ya yi karatu. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East a shekarun 1930, shi ma na nan ne. Janar Yakubu Gowon, shugaban ƙasa daga 1966 zuwa 1975, a Wusasa ya tashi. Iyayensa Angasawa ne daga ƙasar Filato, mahaifinsa mai aikin bishara ne na CMS. Wannan ya nuna jama'ar cocin ba Hausawa da Fulani kaɗai ba ne, Hausa ce ta haɗa su. Kwalejin St. Paul da aka kafa a nan ita ce gwamnati ta karɓa ta zama Kwalejin Kufena, akwai kuma kwalejin horar da limamai ta St. Francis. Ƙauyen yana da Sarkin Wusasa ƙarƙashin masarautar Zazzau, Musulmi da Kirista suna zaune a cikinsa. A ƙarshen shekarun 1990 aka ba Wusasa dayosis tata, da bishop nata, cocin ƙauye ya zama mazaunin bishop.

Abokin gaban ginin ƙasa ruwa ne, kuma damina a Zariya tana da nauyi da tsawo. Magina sun tanadi kariya iri-iri. A saman bango ana yin rawani, a kusurwoyi a tayar da zankwaye, waɗanda nauyinsu yake danne kusurwa, magini kuma yakan ɗaura igiya a jikinsu in zai yi gyara. Indararo yana fitar da ruwan rufi ya jefa shi nesa da gindin bango, domin ruwan da ya kwanta a gindi shi ne yake cin gini daga ƙasa. Ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufi kuma da laso, haɗin katsin marina da gashin akuya da ruwan dafara. Duk da haka babu ɗayansu da yake dawwama. Sai an duba rufi kowace shekara kafin ruwa, a toshe tsaga, a share indararo, a sabunta yaɓe bayan 'yan shekaru. A Jenne ta ƙasar Mali, inda babban masallacin ƙasa na yanzu yake tsaye tun 1907, gari duka ne yake fitowa yaɓe kowace shekara. Ginin ƙasa yana rayuwa ne muddin akwai jama'ar da ta ɗauke shi nata, kuma tsayuwar cocin Wusasa sama da shekara 90 shaida ce cewa an yi masa wannan hidima.

Hanyoyin da aka bi don ceton tsofaffin gine-ginen ƙasa a Arewa ba duka ne suka yi kyau ba. Shafa siminti a kan bangon ƙasa shi ne kuskuren da aka fi yi. Siminti ba ya numfashi, laima tana taruwa a bayansa, ƙasar ta jiƙe ta saki, wata rana ɓawon ya faɗo da rabin bango. Ɗora rumfar kwano a kan soro ya fi wannan, don yana tare ruwa, ko da yake yana ɓoye tulluwa da zankwaye. Masallacin Juma'a na Zariya kuwa, a shekarun 1970 an kewaye babban ɗakinsa da sabon gini, aka tsirar da bakunan ciki, aka rasa siffar waje. Wasu garuruwan rushewa suka yi gaba ɗaya suka zuba bulo, abin takaici ne kuma, domin abin da aka rushe ba ya dawowa.

Babbar barazana a yanzu ita ce ƙarewar masu sana'ar da kayanta. Giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta yi ƙwarin da za a faskara, ana kuma sare ta fiye da yadda ake dasawa. Marina sun ragu, katsin laso ya yi wuya. 'Ya'yan magina da yawa sun koma aikin bulo da siminti, inda kuɗi yake. Amma sana'ar ba ta mutu ba. A Yama, a jihar Tawa ta Nijar, magini Falke Barmu ya fara masallacin ƙasa a 1962, ya yi ta ƙara masa har ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Kano ana kula da Gidan Makama, a Katsina da hasumiyar Gobarau, a Argungu da tsohon gidan sarautar da ya zama Gidan Tarihin Kanta. Magini ɗaya ne zai iya gyara kowannensu, da tubali da azara da makuba iri ɗaya, kuma shi ne wanda cocin Wusasa yake bukata duk lokacin da baka ya tsage ko indararo ya karye.